Manomin Da Ya Saba Leƙen Gonar Maƙwabci

Akwai wani manomi a wani ƙauye, ƙaƙƙarfan mutum ne, ba rago ba, yana da gona mai kyau da shanun huɗa. Aibinsa ɗaya ne. Tun da ya gaji gonar nan daga mahaifinsa bai taɓa ɗaga kai ya dubi hadari ba, bai taɓa damƙar ƙasa ya ji ko ta jiƙu ba. Abin da yake dubawa shi ne gonar maƙwabcinsa Filibus. In Filibus ya fito da iri, shi ma ya fito da iri. In Filibus ya shiga noma, ya shiga. Har an ce wata rana Filibus ya tsuguna a tsakiyar gona don ya cire ƙaya a ƙafarsa, sai mutumin nan ya tsuguna a tasa gonar, yana jira ya ga abin da za a yi gaba.

Dabarar kuwa tana ci, domin ruwan da ya sauka a gonar Filibus shi ne yake sauka a tasa. Kowace kaka rumbunsa cike yake, mutane suna yabonsa da sanin noma, shi ma har ya yarda ya sani.

Ana nan sai ya ji a kasuwa cewa akwai sana'ar rubuta manhajar kwamfuta, wato mutum ya tsara wa na'ura umarni ta riƙa yin aiki da kanta. Aka ce masu yinta a inuwa suke zama, ba rana, ba ƙaiƙayin gero. Shi kuwa ya gama sakandare, karatu bai gagare shi ba. Ya dawo gida ya ce wa matarsa Rahila ya bar noma.

Rahila ba ta hana shi ba. Ta dai tambaye shi ko a can ma akwai Filibus. Ya yi tsaki, ya ce mata ba ta san zamani ba.

Ya sayar wa Filibus ɗin shanunsa har da garma, ya sayi kwamfuta ta hannu, ya shiga wata makarantar koyon sana'ar a cikin gari. To ku ji, 'yan'uwa, ya ƙone gadar komawa ke nan. In sana'ar nan ba ta karɓe shi ba, damina za ta same shi ba sa, ba garma, ba aiki.

A aji aka zaunar da shi kusa da wata budurwa mai suna Keziya, mai kaifin kai, wadda take aiki a asibitin mata na garinsu. Tun ranar farko wuyan mutuminmu ya san aikinsa. Malam yana bayani a gaba, shi idonsa yana hagu. Keziya ta rubuta layi, ya rubuta. Ta goge, ya goge. Malam ya sha gaya masa cewa gara ya rubuta layi kaɗan da ya gane da ya cika allo da abin da bai sani ba. Sai ya ce, "To, Malam," wuya kuma ya koma inda ya saba.

Da karatu ya ƙare, kowa ya kawo aikinsa na gwaji. Keziya ta yi manhajar da take aika wa mata masu juna biyu saƙon waya, tana tuna musu ranar awo. Mutumin nan ya roƙe ta ta zuba masa a filas, ɗan abin nan na adana bayanan kwamfuta, wai zai yi nazari a gida. Ta ba shi da zuciya ɗaya, ta tafi wani gari mai nisa inda aka tura ta aiki.

Sai ga arziki ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Shugaban ƙungiyar manoman yankin, wani dattijo mai suna Baba Dogara, ya kira shi ya ce suna son abin da zai riƙa sanar da membobi ranar rabon taki, domin sun gaji da aika mai shela gida gida. In abin ya yi kyau, aikin kwamfutar ƙungiya duka nasa ne. Mutuminmu ya bugi ƙirji ya ce wannan ai wasan yara ne.

Ya buɗe manhajar Keziya. Ya ga tana aika saƙo, ai shi ma saƙo ake nema. Ya goge sunan asibiti a sama ya sa na ƙungiya da nasa, ya zuba lambobin wayar manoma, ya ɗora ta a intanet yadda ya ga Keziya ta yi. Kalmomin saƙon suna can ƙasa, da Hausa ɓaro-ɓaro, amma bai gangara ya karanta ba. Wanda bai taɓa duba ƙasar gonarsa ba, yaushe zai duba ƙasan rubutu?

Da safe wayoyin manoma suka yi ƙara. Tsofaffi masu furfura suka miƙa wa jikoki a karanta musu, aka karanta: "Gobe ranar awon cikinki ce. Ki zo da wuri, ki taho da katinki."

Wasu suka yi dariya, suka ce kuskure ne. A gidan Baba Dogara kuwa ba a yi dariya ba, domin matarsa, Mama Lidiya, ita ta fara ganin saƙon. Ta tsaya a kan Baba Dogara da muciya a hannu, tana so ta san wace ce wannan mai cikin da ta ba asibiti lambar mijinta. Dattijon nan, wanda ya yi shekara da shekaru yana zama a kujerar gaba a sujada, ya yi ta rantsuwa har muryarsa ta dushe.

Abin da mutuminmu bai sani ba shi ne, Keziya ta tsara manhajar ta ci gaba da bibiyar duk wadda ba ta zo awo ba. Manoma kuwa ba wanda ya je. Sai wani saƙon ya biyo baya: "Ba mu gan ki ba. Kada ki ji kunya, lafiyar jaririnki ce a gaba." Ranar Baba Dogara bai ga tuwo ba.

Aka tara taro a gindin itacen da ƙungiya take zama, aka kira mai manhaja ya zo da kwamfutarsa. Baba Dogara mutum ne mai haƙuri, duk da yunwar da ya kwana da ita. Ya ce masa, "Ɗana, kowa yana kuskure. Tun da kai ka rubuta abin nan, tsayar da shi a gabanmu, ka gyara, aikinka yana nan."

Mutumin ya buɗe kwamfuta. Layuka suka cika allo, sunansa yana sama, amma ko ɗaya bai san abin da yake yi ba. Ya rufe kwamfutar ya cusa a jaka, ya ce shi ke nan, ya kashe ta. Wani ya tuna masa ai shi da bakinsa ya yi musu alfahari cewa abin yana kan intanet, ko yana barci yana aiki. Ya sake buɗewa. Ya kira Keziya, waya ba ta shiga. Sai ya runtse ido ya danna wani wuri da ya ga kamar ya taɓa ganin ta danna.

Nan take wayoyin taron duka suka ɗauki ƙara a lokaci ɗaya. Sakatare ya karanta da ƙarfi: "Barka da sauka lafiya! Ki kawo jariri rigakafi."

Wurin ya kaure da dariya, wani tsoho har ya faɗo daga benci. Mutuminmu kuwa, ba tare da ya sani ba, wuyansa ya juya hagu, yadda ya saba tun yana yaro. Ba Filibus, ba Keziya. Wata akuya ce kawai a tsaye tana tuƙa.

Sai da aka ɗauko malaminsu daga gari ya tsayar da abin. Aiki kuwa aka ba wani. Da ruwan fari ya sauka, mutumin ya tsaya a bakin gonarsa yana kallon Filibus yana huɗa da shanun da dā nasa ne. Ya ga duk abin da ake yi sarai, amma ba shi da abin yi da shi. Baƙin ciki ya kama shi ƙwarai, ya zauna a kan kunyar gona ya yi kuka. Rahila ba ta ce masa ai na faɗa ba. Ta miƙa masa fartanya, ta ɗauki tata. Bayan girbi ya koma wurin malam ya roƙa a fara masa daga darasin farko, kuma a ba shi kujerar da take jikin bango, inda ba kowa a hagunsa.

To ga abin da misalin nan yake nufi. Ba laifi ba ne mutum ya sake sana'a, ba laifi ba ne kuma ya koya daga wanda ya fi shi. Manomin nan shi ne mai zuwa sujada da bangaskiyar aro. Ya ga an tashi, ya tashi. Ya ji an ce Amin, ya ce Amin, in ka tambaye shi me aka roƙa bai sani ba. Ana waƙa, yana motsa leɓe yana bin na kusa da shi. Gonar Filibus ita ce bangaskiyar iyayenka, ko ta matarka, ko ta fastonka. Muddin ruwa ɗaya yake sauka muku, ba mai gane bambanci, har kai kanka. Manhajar da ya sa wa sunansa bai karanta ba, ita ce sunan Almasihu da muke ɗauka alhali Maganarsa ba ta shiga zuciyarmu ba.

Taron gindin itace kuwa shi ne ranar gwaji, ko ciwo, ko rashi, ko jaraba, da kuma babbar ranar da kowa zai tsaya gaban Ubangiji. A ranar ba za a tambaye ka abin da mahaifiyarka ta gaskata ba. Za ka juya hagu, ba kowa.

Amma Ubangiji mai jinƙai ne, har yau yana karɓar mai son farawa daga darasin farko. Addu'a gajeriya da ta fito daga zuciyarka ta fi doguwar da ka kwafo daga bakin dattijo. Saboda haka bari mu yi addu'a yanzu, kowa da kalmominsa. Ku rufe idanunku. Kai da ke can baya, na gan ka, ba sai ka leƙa ka ga ko na kusa da kai ya rufe nasa ba.