Muryar Nomau da Geron Gari

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, kowa ya gyara zama.

A wani gari an yi wani manomi, sunansa Nomau. Allah Ya ba shi ƙarfi, Ya ba shi son waƙa, amma murya kam sai dai a ce Allah Ya kyauta. In ya ɗaga ta, kamar ana jan tsohon kwano a kan dutse. Ga shi ba ya kama fartanya sai da waƙa, tun daga shuka har girbi.

Mutanen gari suka gaji, suka kai ƙara wurin Sarkin Noma. Wata ta ce, "Kajina sun daina ƙwai." Wani ya ce, "Jakina ya tsinke igiya, har yau ban gan shi ba." Wata tsohuwa ta ce, "Ni da ba na ji sosai, a haƙorana nake jin ta."

Sai Sarkin Noma ya kira shi, ya ce, "Nomau, in ka ƙara waƙa, ka bar mana garinmu."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ko 'yar ƙasa-ƙasa?"

Ya ce, "Ko a mafarki."

Abin ya yi wa Nomau ciwo ƙwarai. Ya koma gida ya shiga shan zuma da man shanu safe da yamma, ko muryar ta yi laushi a daina gudunsa.

Ashe jan-baki, tsuntsayen nan masu cin gero, shekara bakwai suna kauce wa garin saboda muryarsa. Da babbarsu ta ji shiru, sai ta aiki ɗaya ya leƙo. Ya dawo, ta ce, "Mai tsawar nan ya mutu ne?"

Ya ce, "Yana nan, hana shi aka yi."

Ta ce, "Kai, Allah Ya yi wa mutanen garin nan albarka!"

Gero na ƙosawa, sai ga su sun rufe gonaki. Aka kaɗa musu gwangwani, suka taka rawa. Aka kafa mutum-mutumi, suka yi sheƙa a hularsa. Aka ɗauko majajjawa, dutsen farko ya sami Sarkin Noma a goshi. Kwana uku, rabin gero ya tafi, hankalin kowa ya tashi, don in sauran ya bi, bana sai yunwa.

Sai tsohuwar nan ta ce, "Wai shekara bakwai ba mu ga tsuntsun nan ba, me muka canja bana?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Aka ɗunguma gidan Nomau, Sarkin Noma a gaba da ƙullutu a goshi.

Nomau ya ce, "Ba ko a mafarki aka ce ba?"

Sarkin Noma ya ce, "Haba Nomau, ai yanzu ido biyu muke. Ka rufa mana asiri."

Nomau ya hau suri a tsakiyar gona, ya buɗe baki. Wayyo! Zuma ta yi aikinta, murya ta fito lau-lau. Tsuntsaye suka ce, "Ƙara mana, malam! Ga ci, ga waƙa!"

Sai matarsa Tabawa ta kutso da ƙwarya, ta ce, "Maigida, wannan ba muryar da na aura ba ce. Ungo, sha." Kunun tsamiya ne, ta cika shi da barkono. Ya kurɓa, ya yi tari, idanu suka kawo ruwa, sai ya ɓarke:

"Gero na Nomau, kai nake wa waƙa,
Wanda bai yi noma ba, ya tashi ya ba ni wuri!"

Fir! Sama ta yi baƙi. Babbar jan-baki ko sallama ba ta tsaya yi ba. Har jakin nan da ya ɓata ya amsa daga daji.

Sarkin Noma ya ce, "Faɗi ladanka."

Nomau ya ce, "Ba na son komai. Amshi kawai za ku riƙa yi mini, ku duka."

Tun daga nan, duk kaka, za ka ga mutanen garin sun kewaye suri suna amshi, kowa da auduga a kunne. Nomau yana ganin audugar, amma ko a jikinsa. Shi dai a amsa.

To, kun ji. Kafin ku kori abin da ya dame ku, ku tambaya me yake tsare muku.

Ƙurunƙus kan ɗan jan-baki. Wanda bai ji daɗinta ba, in aiko masa da Nomau.