Azurfar da Ba a Wanke Ba

Akwai wani manomi da matarsa, sun manyanta tare a gida ɗaya. Yanar ido ta rufe wa matar idanu biyu, har ta kai ba ta gane mutum sai ya yi magana. Likitan ido da ke zuwa garinsu sau ɗaya a shekara ya ce aiki zai buɗe su, in an kawo kuɗi kafin ya tafi ƙarshen wata. Manomin kuwa ba shi da abin sayarwa, gonarsa ba ta wuce ta ci ba.

Ana nan sai ruwan sama ya kayar da bangon tsohon ɗakin kakarsa. Yana kwashe ƙasa, fartanya ta bugi wani ɗan tulu. A ciki akwai kuɗin azurfa guda shida na zamanin da, masu kan sarki, irin waɗanda aka daɗe da daina bugawa. Duk sun yi duhu, gefensu ya yi shuɗi-shuɗi. Ya taɓa jin labarin wani dattijo a birni mai tara irin waɗannan tsofaffin kuɗi, sai ya yi niyyar kai masa.

To, manomin nan mutum ne mai gudun abin kunya. Ko akuya zai kai kasuwa sai ya yi mata wanka. Ya je wurin maƙerin azurfa ya sayo ruwan wanki mai ƙarfi, wanda warinsa kaɗai ke sa hawaye, ya kuma ɗebo toka.

Matar ta karɓi kuɗin tana shafawa. Ta ce, “Maigida, yatsuna suna jin gashin gemun sarkin nan ɗaya bayan ɗaya. Ka kai su yadda ka same su. Mai saye ya fi mu sanin abin da yake nema.”

Ya ce, “Ke da ba ki gani, ina kika san fari da baƙi? In kai wa babban mutum abu haka, ya ce mu ƙazamai ne?”

Maganar ta yi mata zafi, amma ba ta rama ba. Ta ce kawai ya bar mata guda ɗaya. Ya ba ta, ta ƙulle a bakin zanenta. Sauran biyar ya jiƙa su, ya dirje da toka har suna ɗaukar ido.

Da suka isa birni shi da matar, dattijon ya wanke hannunsa, ya shimfiɗa ƙyalle mai taushi, ya ɗauko madubin da ke ƙara girman abu. Ya daɗe yana dubawa. Can ya ce, “Wa ya wanke su?”

Manomin ya gyara zama ya ce, “Ni ne, ranka ya daɗe.”

Dattijon ya ce, “Malam, ruwan da ka zuba bai tsaya a kan duhun ba, ya ci fatar azurfar. Dubi fuskar sarkin ta lafe, ga karcen toka ko'ina. Mu ba walƙiya muke nema ba. Duhun nan shekaru ne suka sa shi, shi ne shaidar cewa abin na asali ne. Yanzu sai dai a ɗora su a sikeli kamar kowane ƙarfe.”

Abin da sikeli zai bayar bai isa aikin ido ɗaya ba. Manomin ya fara tattara kuɗinsa.

Sai matar ta kwance bakin zanenta ta miƙa ɗayan da ta ƙulle wajen da take jin muryar. Dattijon nan, da tsufansa, ya miƙe tsaye. Ya kama kuɗin ta gefe da yatsu biyu, ya kai bakin taga. Ya ce, “Shekara arba'in ina wannan sana'a, sau biyu na taɓa ganin irinsa a haka.” Akwai 'yar laka manne a bayan kuɗin. Manomin ya kai hannu zai goge da rigarsa, dattijon ya tare shi. “Bar ta. Ni zan cire, na san yadda ake yi.” Ya biya su abin da ya ishi aikin idanu biyu, ya kuma ce, “Baiwar Allahn nan ta fi mu gani.”

Ranar da aka kwance mata bandeji, mijin ya durƙusa ya nemi gafara. Ta dubi biyar ɗin da suka rage, ta yi dariya ta ce, “Lalle, Maigida, ka iya wanki.”

Ma'anar misalin nan, ƙaunatattu, ba ta da nisa. Kuɗin azurfa mu ne, da kamannin Sarki a jikinmu. Dattijon Ubangiji ne. Ruwan wankin kuwa shi ne ƙoƙarin da muke yi mu burge Allah da mutane: mu ɓoye wahalar da muka sha, mu gyara labarinmu, mu yi ta walƙiya har gaskiyarmu ta lafe. Ban ce zunubi ado ne ba. Laka laka ce, dole ta fita. Amma Ubangiji ne ya san bambancin laka da duhun shekaru, hannunsa kuma ba ya karce abin da yake wankewa.

Ina jinjina wa matar nan ƙwarai. Ba ta san darajar abin da ke hannunta ba, amma ta gaskata cewa mai saye ya sani. Bangaskiya ke nan.

Kai kuma ɗan'uwa, da ka yi watanni ba ka zo sujada ba, wai sai ka gyara kanka tukuna, ajiye tokar nan. Ka zo yadda kake, tun fuskar Sarki tana nan a jikinka.