Ranar da Waziri Ya Fita Ba Izini

An yi wani sarki a birnin Marmaro, sunansa Jatau, mai tausayin talakawansa ne, amma mai son tsari har ya wuce kima, domin ba wanda ya isa ya tashi daga majalisarsa, ko da kunama ce ta shiga masa riga, sai ya nemi izini an ba shi. Abin da ya fi damun sarkin nan shi ne yawan matan da ke rasuwa wajen haihuwa, har ya zama da wuya mako ya wuce ba a ji gidan da ake shirin suna ya koma zaman makoki ba. Saboda haka ya gina wani gida kusa da ƙofar gabas, ya tara gwanayen ungozomomi da masana magani, ya sa aka yi shela cewa duk macen da haihuwa ta zo mata da gardama a kai ta can. Aka yi damina aka yi rani, ma'aikatan gidan nan suna zaune suna korar ƙuda, masu haƙan kabari kuwa ba su huta ba.

Wata rana da hantsi majalisa ta cika, sai Sarki ya dubi Wazirinsa Barmo, wani dattijo mai zurfin ilimi da gajen haƙuri, ya ce, "Waziri, na gina gida, na zuba masana, amma mata suna mutuwa a ɗakunansu gidan yana wofi. Ina so ka gaya mini abin da ya tsaya tsakaninsu da shi, kuma ba na son jin kalmar ƙaddara, domin na san da ita tun kafin in ɗora tubali."

Waziri bai buɗe baki ba sai ga dogarai sun shigo da wata tsohuwa mai suna Dudu, mayafinta a hannu, ta faɗi ta yi gaisuwa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, 'yata Tasalla tun jiya take kan gwiwa. Ungozomar unguwa ta ce ɗan ya zo a gicciye, abin ya fi ƙarfinta, a kai ta ƙofar gabas. To mijinta Tankari falke ne, yana kan hanya, kuma da zai tafi ya ce kada ta fita sai ya dawo. Wansa Nagona ya zauna a zaure ya ce amana aka bar masa. Ku taimake ni, yarinyar nan ta fara daina gane mutane."

Kowa a majalisar ya ce lallai a kai ta, ba a sami mutum ɗaya da ya ce a bar ta ba, kuma wannan shi ne abin takaicin. Alƙali ya ce lalura ta halatta fitar, wannan ba saɓani. Sai Galadima ya ce haka ne, amma wa zai ba da izinin a madadin mijin, wansa ne ko mahaifinta? Madaki ya ce a tayar da mahayi ya bi sawun ayarin, a ji daga bakin mai iko. Wani ya ce ai kamata ya yi a fara tantance lafazin da Tankari ya yi, ko "kada ki fita" ya ce, ko "kada ki riƙa fita," domin hukuncinsu daban. Sarki kuwa, da yake mai son a ji ta bakin kowa ne, ya gyara zama yana sauraro, kowa ya tashi sai ya fara da doguwar addu'a ga zamanin Sarki kafin ya kai ga magana.

Waziri Barmo yana jin su, yana jan carbi kamar zai tsinke. Ya nemi magana aka ce ya dakata Galadima bai ƙare ba. Ya dubi inuwar ƙofa ya ga ta janye, ya dubi tsohuwar ya ga ta daina kuka, ta zuba wa bakunan manya ido kawai. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce a zuciyarsa, yau ga mutane masu hankali sun taru za su kashe mace da ladabi. Sai ya miƙe tsaye, bai faɗi ba, bai ce uffan ba, ya kama hannun Dudu ya juya wa gadon sarauta baya ya fita. Majalisa ta bi shi da kallo, domin tun da aka kafa birnin ba a taɓa ganin haka ba.

Ya sa majiya ƙarfi suka ɗauko gadon kara suka bi shi. Da suka isa gidan Tankari, ya tarar da Nagona a zaure ya haɗa kai da gwiwa, shi ma hankalinsa a tashe. Nagona ya ce, "Allah ya ba Waziri nasara, wallahi ba mugunta ba ce. Ƙanena ya bar mini magana, in na karya ta da wane ido zan dube shi?"

Waziri ya hango wata saniya a turke da ɗan maraƙi yana tsotso, ya ce, "Ta wace ce waccan?"

Ya ce, "Ta Tankari ce. Kwanan baya ta sha wuya wajen haihuwa, da gudu na je ruga na ɗauko Bafillace ya juya mata ɗan."

Waziri ya ce, "Mahayi nawa ka tayar zuwa ga Tankari kafin ka tafi rugar?"

Nagona ya dubi saniyar. Sa'an nan ya tashi, da kansa ya kama kan gadon.

Sai bayan la'asar Waziri ya koma fada, ya tarar ba wanda ya motsa, domin ba a ba kowa izinin tashi ba. Ya durƙusa ya warware rawaninsa ya ajiye gaban Sarki. Sarki ya ce, fuska a murtuke, "Waziri, ka fita daga gabana ba izini, kuma ka bar tambayata ba amsa."

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, laifin farko na amsa shi, amma tambayarka na ba ta amsa da ƙafafuna. Abin da ya tsaya tsakanin mata da gidanka shi ne jiran izini. Ni da nake Waziri, da furfurata, sai da gabana ya faɗi kafin in ƙetare waccan ƙofa ba a sallame ni ba, to ina ga macen da aka rena tun tana ƙarama a kan cewa fita ba izini zunubi ne, kuka a kan gwiwa kuma abin kunya? Tana shiru tana jira, masu gida suna jiran miji, miji yana can bai sani ba, kowa yana ganin amana yake riƙewa."

Sarki ya ce, "Yaya matar?"

Waziri ya ce, "Tana raye, alhamdu lillahi. Ɗan kuwa namiji ne, an fito da shi ba rai. Babbar ungozomar gidan ta ce da da hantsi aka kawo ta, da su biyu za a mayar gida."

Sarki ya juya ya tambayi Sarkin Dogarai, "Yaushe tsohuwar nan ta shigo mana?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Da hantsi, ranka ya daɗe."

Ba wanda ya iya duban ɗan'uwansa. Sarki Jatau ya sauko daga gado, ya ɗauki rawanin ya naɗa wa Waziri da hannunsa, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa masa, ya ce, "Yaron nan ba a ɗakin uwarsa ya mutu ba, a nan zauren ya mutu, kuma ni ne na shugabanci zaman." Daga nan ya kafa doka cewa a kowane ɗaurin aure, kafin a shafa fatiha, ango zai furta gaban shaidu cewa ya ba matarsa izinin zuwa neman magani duk ranar da ciki ko naƙuda ya zo da matsala, ko yana gari ko ba ya nan, kuma duk wanda ya tare mata ƙofa Alƙali zai tambaye shi jininta.

Da Tankari ya dawo aka ba shi labari, ya zauna a bakin ɗan ƙaramin kabarin yana kuka yana cewa, "Ni gidan biki na hana ta zuwa."

Ya kai mai karatu, ka riƙe wannan: hukunci ko ya kai ina wajen daidai, in ya iso bayan mai haƙƙi ya daina numfashi, ba a rubuta shi cikin adalci.