Murjanin Da Ya Zama Uwa

Akwai wani mutum a wani birni na bakin teku, sunansa Habila. Yana kiwon murjani mai rai, halittar nan ta teku mai rassa kamar itace, cikin akwatin gilashi cike da ruwan gishiri.

Masu wannan kiwo suna da sunan kowane girma. In murjani bai wuce farce ba, gutsure ne. In ya kai ƙwan kaza, ɗan gungu. In ya cika tafin hannu, gungu. Amma ba a ce masa uwa sai an yanki gutsure daga jikinsa an ba wani ya dasa.

Na Habila kuwa shekara tara yana girma, ya cika kwano, shuɗi gwanin kyau. Wuƙa ba ta taɓa kusantarsa ba. Kai, mutumin nan akwai alfahari! Baƙo bai gama shan ruwa ba an ja shi ganin "uwa".

Wata rana Mama Saraya, wata dattijuwa 'yar cocinsu da ta riga shi fara kiwon, ta zo ta duba. Ta ce, "Habila, gungu ne babba, ban musa ba. Amma uwa? Ina 'ya'yanta?"

Maganar ta soke shi. Don dai kada a hana shi sunan, ya yanko mata gutsure kamar farcen ɗan yatsa, yana yi yana cizon leɓe. Ya ce, "Ga shi, Mama. A dai kula da shi."

Bayan shekara uku ya tafi biki garinsu. Injin da ke juya ruwan akwatin don murjanin ya rayu ya tsaya yana can. Da ya dawo, murjanin ya yi fari fat, ya mutu. Habila ya zauna a ƙasa ya yi kuka, don ba shi da irinsa ko ɗaya.

Da ya wanke akwatin ya zuba sabon ruwa, sai ga Mama Saraya da 'yar kwalba. A ciki akwai gutsure shuɗi, irin nasa sak.

Ta ce, "Wanda ka ba ni ya cika tafin hannu. Yau na yanko maka. Ka ga nawa ma ya zama uwa."

Habila ya ɗaga kwalbar yana nuna wa maƙwabta, ya ce, "Jikar uwata ce wannan." Bai taɓa jin alfahari irin na ranar ba.

Ma'anar misalin ke nan, 'yan'uwa. Murjanin shi ne baiwar da Allah ya ba ka, ko murya, ko sana'a, ko sanin Maganarsa. Mu muna auna girmanta, Ubangiji kuwa yana tambaya wa ka yanka wa. Habila ya tsare kwano guda shekara da shekaru, ya rasa shi duka. Ɗan farcen da ya bayar da ƙyar, shi kaɗai ya dawo masa da rai.