Hannu a Aljihun Dama

An yi wani mutum a nan unguwarmu ta Athlone. Ba zan kama sunansa ba, domin 'ya'yansa suna raye, kuma wasunku sun sha yin sallah kafaɗa da kafaɗa da shi. Magini ne, gwanin filasta. In ya shafe bango sai ka rantse gilashi ne. Ba ya shan giya, ba ya caca, ba a taɓa jin sa da matar wani ba. Ku riƙe wannan, ya 'yan uwa, don kada wani ya ce labarin ɗan iska nake ba ku.

Wata ranar Laraba da azahar, shi da matarsa Galiema suna tsaye a danja cikin a-kori-kurarsa, sai wasu mutum biyu suka ɗora masa bindiga a kunne. Suka fito da su daga motar, suka kwantar da shi rubda-ciki a kan kwalta, ɗaya ya taka masa wuya da takalmi. Matarsa tana kallo, mutanen wasu motoci suna kallo. Ɓarayin suka tafi da motar da kayan aikinsa duka. Ko ƙwarzane ba su yi masa ba a jiki.

Da na je yi masa jaje, na kira shi Boeta, wato yaya, yadda muke kiran juna a nan. Na ce, "Boeta, ka gode wa Allah, ai ka tsira da ranka."

Ya ce, "Liman, mota ba ta dame ni ba. Amma wallahi babu mahaluƙin da zai sake kwantar da ni a ƙasa."

Na ɗauka zafin ciwo ne, zai huce. Bai huce ba.

Ya nemi lasisin bindiga, kuma ta hanyar doka ya bi. Ya cika takardu, ya zauna jarrabawa, ya yi wata tara yana zarya ofishin 'yan sanda bai gaji ba. Da aka ba shi, ya sayi 'yar ƙaramar bindiga wadda tafin hannu zai iya rufewa, da kubenta na fata wanda ake sakawa a aljihun wando. Kuben yana riƙe ta a tsaye, yana rufe kunamarta, kuma wanda ya kalle ka sai ya zaci walat ne.

Wanda ya koya masa harbi wani tsohon ɗan sanda ne, ana ce masa Oom Hennie. Shi ya nuna masa yadda ake zaro ta. Ka zura hannu a miƙe, ka kama ƙota da kyau tun tana ciki, ka ja sama yadda kuben zai maƙale a aljihu ita kaɗai ta fito. Yatsa kuwa yana kwance a gefenta, ba ya kusantar kunama sai ka riga ka yanke shawarar harbi. Sannan tsohon ya gaya masa wata magana. Ya ce, "Daga yau kowace rigima kai ne mai ba da haƙuri. In an zage ka, ka ce ka gode. In an tare maka hanya, ka kewaye. Mai wannan abu a aljihu ba shi da damar yin fushi kamar sauran mutane."

Mutuminmu ya haddace darasin hannu. Maganar haƙuri kuwa, a can ya baro ta.

Ya 'yan uwa, ban taɓa ganin naci irin nasa ba. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya shiga gareji, ya cire harsasai, ya tsaya gaban wani tsohon madubi. Hannu aljihu, zaro, mayar. Sau ɗari biyu. Ya sa Galiema ta faɗaɗa masa bakin aljihun duk wandunansa. Ya daina saka makulli ko kwabo a aljihun dama. Da ya ga saurin bai kai yadda yake so ba, sai ya ajiye koyarwar tsohon ya ƙirƙiro tasa: da zarar bindiga ta fito, yatsa ya danna. Zaro, ƙyas! Zaro, ƙyas! Ba harsashi a ciki, to mene ne laifi? Haka ya gaya wa kansa, shekara biyu cur.

Shin mallakar bindiga haramun ce? A'a. Shin kare kai da iyali laifi ne? A'a. Duk mun san garin da muke zaune. Akwai masu ɗauke da ita a cikin masallacin nan yanzu haka, kuma ban ce su tashi ba. Laifin mutumin nan a zuciyarsa yake. Bai sayi bindiga don ya koma gida lafiya ba. Ya saye ta ne don wata rana wani ya ji tsoronsa kamar yadda shi ya ji tsoro.

Sannu a hankali muka ga ya canja. Mutumin da a da shi ke fara miƙa hannu a ƙofar masallaci, yanzu sai dai ya gyaɗa maka kai, hannun dama yana aljihu. In direba ya sha gabansa a titi, sai ya bi shi har danja ta gaba, ya sauke gilashi ya zuba masa ido. In leburori sun yi masa gardama a wurin aiki, ba ya ɗaga murya, sai ya zura hannun nan kawai, kowa ya yi tsit. Kuma shirun nan daɗi yake yi masa.

Galiema ta gaya masa gaskiya. Ta ce, "Ka ce don ɓarayi ka saya. Yau shekara biyu ba ɓarawon da ya zo, amma kullum ka fita kamar mai neman wanda zai taka ka. Ni fa yanzu kai nake tsoro."

Ya ce, "Ke kika kwanta a kwalta, ko ni?"

Ta zo wurina tana kuka. Na kira shi, na yi masa nasiha, ya saurara da ladabi, ya ce, "Liman, ai ban taɓa zaro ta a kan kowa ba." Gaskiya ya faɗa. Ni kuma na karɓi wannan amsa na ƙyale shi, kuma Allah zai tambaye ni a kan haka.

Yana da maƙwabci, Toyer, direban motar raba burodi. Shekara ashirin katangarsu ɗaya. Toyer mutum ne mai barkwanci, bakinsa ba ya shiru, kuma yana da wata ɗabi'a mai ban haushi: in ya ajiye motarsa, sai hancinta ya ɗan shiga ƙofar garejin maƙwabcinsa. Shekara goma sha takwas ana maganar da dariya. A shekara biyun ƙarshe dariyar ta ƙare daga ɓangare ɗaya.

Ranar Lahadi ce da hantsi. Kun san yadda layin yake a irin wannan lokaci, kowa ya fito da kwano zai je sayen kusista, fanken nan namu mai zaƙi, wurin Tietie Wardah, ana tsaitsaye ana hira. Mutuminmu ya fito zai fitar da mota, ya tarar da hancin motar burodi a ƙofarsa. Ya buga ƙofar Toyer da ƙafa.

Toyer ya fito da silifa, kofin shayi a hannu. Ya ce, "Haba Boeta, ƙofar me ta yi maka? Bari in ƙarasa shayina in matsar."

Ya ce, "Yanzu za ka matsar."

Toyer ya kalli hannun da ke aljihu, ya kalli jama'a, sai bakin nan nasa ya motsa. Ya ce, "Wai ni Boeta, ƙaiƙayi ke damunka a cinyar nan ne? Shekara biyu kana susa. Ka je kemis mana, akwai man shafawa."

Layi ya fashe da dariya. Har matan da ke riƙe da kwanoni suka dara.

Daga baya mutumin ya rantse mini, ya rantse wa alƙali, cewa nufinsa kawai ya nuna masa ita. Yana so dariyar nan ta tsaya. Yana so ya ga Toyer ya saki kofi ya ɗaga hannu a gaban mutanen da suka yi dariya. Na yarda da shi, wallahi na yarda. Amma hannun da aka koya wa abu ɗaya sau ɗari biyu kowace safiya ba ya tsayawa tambaya. Bindiga ta fito, yatsa ya danna. Wannan karon akwai harsashi.

Toyer ya zauna a kan dakalin ƙofarsa, yana kallon ƙirjinsa da mamaki. Ya ce, "Boeta, wasa fa nake." Kafin motar asibiti ta iso ya cika, kansa a cinyar matarsa Shamiela.

Ni na yi masa wanka. Ramin bai kai faɗin ɗan yatsana ba. Ya bar mata da 'ya'ya mata uku.

A kotu lauya ya ce kuskure ne. Alƙali ya tambayi mutumin, "Toyer yana riƙe da makami?" Ya ce a'a. "Ya yi maka barazana?" Ya ce a'a. "To me ya yi maka?" Ya ce, "Dariya ya sa aka yi mini." Aka yanke masa shekara goma sha biyar. Sana'arsa ta mutu. Galiema ta kasa fita ta haɗa ido da Shamiela kowace safiya, ta sayar da gidan ta koma wurin 'yar uwarta a garin Paarl. Babban ɗansa bai taɓa zuwa duba shi ba.

Ni ina zuwa. A zuwana na farko ya kama hannuna ya ce, "Liman, ba ni na harbe shi ba, hannuna ne ya riga ni."

Na ce, "Wa ya koya wa hannun?"

Ya saki hannuna. Sai a shekara ta uku ya daina wannan magana, ya roƙe ni in je in nema masa gafarar Shamiela. Na je. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Liman, ka ce masa ina ƙoƙari. Ban kai ba tukuna." Shekara shida ke nan, kuma har yau ba ta kai ba. Ba ni da ikon tilasta mata, shi ma ba shi da shi. Hakkin rai ne.

Ya 'yan uwa, zunubin mutumin nan ba ranar Lahadin nan ya fara ba. Ya fara ne ranar da aka zalunce shi, ya ƙi kai ƙararsa ga Allah, ya ɗauki wulaƙancin ya adana, yana ciyar da shi kowace safiya bayan asuba. Waɗanda suka taka masa wuya ba su ji komai ba. Maƙwabcinsa ne ya biya.

Don haka ina tambayar ku, kuma ina son kowa ya amsa wa kansa kafin ya sa takalmi. Wane fushi kake ajiye da shi? Me kake maimaitawa a ranka in kai kaɗai ne? Addininmu ya hana a nuna wa ɗan uwa makami ko da wasa, balle da fushi. In kana ɗauke da ita, kuma ka san zagi yana sa jininka tafasa, ka kulle ta a akwatinta yau, ba gobe ba. In matarka ta ce tana tsoronka, ka yarda da ita. In kuwa kun ga ɗan uwanku ya fara canjawa, kada ku karɓi amsa mai ladabi ku juya kamar yadda na yi. Ku koma masa, ku sake komawa, ko da zai daina gaishe ku.

Allah ya jiƙan Toyer, ya raya marayunsa, ya sanyaya zuciyar Shamiela. Allah ya karɓi tuban wancan bawa nasa. Mu kuma, Allah ya kiyaye mu daga fushin da muke renonsa a ɓoye, ya kiyaye maƙwabtanmu daga hannayenmu. Amin.