Mai Ƙirgar Kwanukan Unguwar Majema

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani babban birni, shekaru da yawa da suka wuce. Tanimu sunansa. Ga shi nan a kan hanya: jakar fata, littafi, alƙalami biyu, alli, goran ruwa. Shi ke nan kayansa.

Aikinsa ƙidaya. Hukuma ta raba birnin mazaɓa-mazaɓa, tana son sanin kowace: mutum nawa, wace sana'a, gida nawa ke da rijiya. Aka ba Tanimu bayan ganuwa, Unguwar Majema, masu jimar fata.

Ku saurara. Kafin ya fito, shugaban ofis ya dafa taswira ya ce, "Nan wurin, rubuta fili. Babu kowa."

"Ranka ya daɗe, ai hayaƙi na tashi a can."

"Shara ake ƙonawa. An riga an yi wa wani babba alkawarin wurin. Wanda ya riƙe littafin nan kafin kai, ka ƙara jin ɗuriyarsa?"

Bai ƙara ji ba. Ba wanda ya ƙara ji.

Ya isa unguwar, ya tarar da ita tsit. Fatu a shanye, ƙofofi a rufe. Mutanen sun ɗauka haraji ne ya zo, suka ɓuya. Kun gani? Da hannunsu suke rubuta wa azzalumi abin da yake so. Ya waiwaya, ga ƙarti biyu a gindin ganuwa sun zuba masa ido.

Wata tsohuwa ce kaɗai ta leƙo, Gwaggo Tabawa.

"Gwaggo, ku nawa ne a gidan nan?"

"Kai ɗan nan, awaki ne mu? Ba a ƙirga mutane! Bakinka ya sari ɗanyen kashi."

"In ban rubuta ku ba, za a ce fili ne. Fili kuwa rusau ake kawo masa."

Ta ce, "Ko wuƙa ka ɗora mini, ba na ƙirga jikokina."

"To, kar ki ƙirga. Kwano nawa kike zuba wa tuwo?"

"Au, kwano? Ai kwano ba ya mutuwa. Shida, har da na malalacin surukin nan nawa."

"Na yara fa, hannu nawa ke shiga?"

"Biyar, sai ka ce fara ta sauka a gona."

Ya rubuta. Ya shafa alli a ƙofa.

Haka ya bi unguwar, kwano da hannu, kwano da hannu, kwana uku, yana cin tuwonsu. Kullum ƙartin nan na bayansa. Da safe ya tarar an goge allinsa, ya sake shafawa. Kar ku ɗauka jarumi ne. Tsoro yake ji ƙwarai. Amma ya fi tsoron Wanda ya ƙidaya su tun kafin a haife su.

Ranar taron mazaɓa, a gaban jama'a, ya miƙe ya karanta: gida ɗari biyu da sha tara, mutum dubu ɗaya da ɗari shida da arba'in, majema da madunka da masu dakau. Abin da kunne dubu ya ji ba ya goguwa kamar alli. Rusau bai zo ba. Tanimu kuwa aka kore shi daga aiki a ranar.

Jama'a, darasin a fili yake: shaidar zur ba sai a gaban alƙali ba. Duk wanda aka ba alƙalami, an ba shi wuyan mutane. Kai mai cike takarda, ke mai rubuta sunaye, wa kuka goge a makon nan don babba ya yi murmushi?

Washegari da hantsi ƙartin suka yi sallama a gidansa da takarda. "Malam, sa hannu ka ce kuskure ka yi, ka koma aikinka. In ka ƙi, ka san sauran."

Ya dubi takardar, ya dube su. Ya ja ƙofarsa ya rufe, ya sa sakata.

Daga ciki ya ce, "Na ci tuwo a kwanukan nan. Ko mutum ɗaya ba zan goge ba."