Hambali da Shafin Cizon Maciji

An yi wani mutum a wani gari, ba sai na faɗi sunan garin ba, ana ce masa Hambali. Bawan Allah ne mai ƙarancin magana. Sana'arsa kuwa ta zamani ce. Ku saurara in bayyana muku ita, don sai kun gane ta za ku gane labarin.

Idan mutum ya ɗauki waya ya rubuta abin da yake nema a intanet, sai shafuka su jero masa, na ɗaya, na biyu, har ƙasa. Mutane kuma ba sa sauka ƙasa, na sama suke taɓawa. To aikin Hambali shi ne ya gyara shafin mutum har ya hau sama. Yakan zauna ya gano ainihin kalmomin da jama'a suke rubutawa, ya sa su a kan shafin, ya rage nauyin hotuna don ya buɗe da wuri ko sabis ba ƙarfi, ya daidaita adireshi da lambar waya. Aikin haƙuri ne. Sai a yi wata biyu shafi bai motsa ba.

Mutum ɗaya ne yake ba shi aiki a kai a kai, Alhaji Tasi'u, mai kemis uku a garin. Da aikin Alhaji yake ciyar da gidansa, sauran duk tsintuwa ce.

Wata rana da damina Alhaji ya kira shi shago, ya sa aka kawo masa shayi.

"Hambali, kai ka ce min bana ana yawan rubuta 'maganin cizon maciji' a waya."

"Haka ne, Alhaji. Lokacin noma ne."

"To duk wanda ya rubuta haka, kemis ɗina nake so ya fara gani."

"An kawo allurar dafin ke nan?"

"Wace allura? Abin da sai firji, ga wutarmu yadda take? Muna da bandeji, muna da maganin zogi."

"Alhaji, wanda maciji ya sara ba bandeji yake nema ba."

Alhaji ya yi dariya. "Yaushe ka zama likita ban sani ba? Ni ban ce ka rubuta ƙarya ba. Rubuta alamomin sara, rubuta taimakon farko, duk gaskiya. A ƙasa ka sa adireshina. In sun zo mu tura su asibiti. Ina ƙaryar?"

Jama'a, nan ne ni kaina na daɗe ina juya maganar. Ina ƙaryar? Ka bi shafin layi-layi, ba za ka samu ko ɗaya ba. Amma Hambali ba layukan yake kallo ba, mai rubuta kalmar yake kallo. Ba mai hira ba ne. Mutum ne a kan babur, ƙanensa a bayansa ƙafa ta fara kumbura. Yana tsaye a mararraba. Hanya ɗaya ta shiga gari, ɗaya ta nufi wani ƙaramin asibiti a bayan gari, inda allurar take. Abin da ya fara gani a waya, can zai karkata. In ya shiga gari, kafin ya dawo hanya an yi awa guda, dafi kuwa yana ta hawa.

Hambali ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Ka ba ni kalmar hawan jini, ka ba ni ta tari, in kai ka sama. Wannan kalmar dai ba taka ba ce."

"Au, kalma ma tana da mai ita?"

"Tana da shi. Wanda yake da maganin."

Fuskar Alhaji ta canza. "Masu aikin nan sun cika gari."

"Na sani, Alhaji."

"In ka ajiye wannan, ka ajiye duka."

Hambali ya tuna gidansa. Sannan ya nemi takarda, ya rubuta lambobin sirrin shafukan Alhaji duka, bai ɓoye ko ɗaya ba, ya miƙa da hannu biyu, ya yi sallama.

Alhaji ya samu wani ya yi masa aikin. Kafin kaka, kemis ɗinsa ne a sama.

Shi kuwa Hambali sai ya nufi asibitin nan, ya samu ma'aikaciyar jinya da ke kula da wurin, Malama Kulu. Ya nuna mata shafinsu, can ƙasa, lambar wayar ma ta daina aiki.

Ta ce, "Malam, ba mu da abin biyanka."

Ya ce, "Ni ma ba ni da abin yi, Malama. Mun dace."

Ya yi ta gyara, mako bayan mako. Shafin ya hau, ya hau, ya tsaya a na biyu. Bai wuce na Alhaji ba. Da ya ga haka, sai ya sauya layin da yake fitowa a jerin, ya rubuta: "Muna da allurar dafin maciji. Ku zo kai tsaye, kada ku tsaya a hanya." Ko idon mai nema zai sauka layi ɗaya.

Na san kuna jira in ce Alhaji ya yi nadama ya dawo da shi. Bai dawo da shi ba. Hambali ya koma gyaran waya a bakin kasuwa, a ƙarƙashin lema. Malama Kulu dai ta ce akwai masu zuwa da wanda maciji ya sara, in ta tambaye su wa ya turo su, sai su nuna mata waya. Nawa ne suka rayu ta dalilinsa? Shi ma bai sani ba.

To 'yan uwa, darasin shi ne gaskiya ba a baki kaɗai take ba. Mutum zai iya ƙin furta ƙarya ko ɗaya, amma ya tsaya a gurbin da ba nasa ba, ya tare wa mai bukata hanya. Kai bakanike da aka kawo wa motar da ba ka iya ba ka ce "kawo mu gani". Ke ungozoma da kika ga haihuwa ta fi ƙarfinki kika ce a ƙara jira. Ni da ake tambaya abin da ban sani ba, nake jin nauyin cewa a je wurin wane. Idan mai bukata ya zo a guje, kuma abin da yake nema ba ya hannunka, matsa gefe, ka nuna masa inda yake. Allah Ya ba mu ikon matsawa.